Cittar Babanku da ke Bayan Katanga

Liman Abaji, Keffi.

Nafisatu, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da baƙunta, da sabon aiki, da zaman garin da ba ki saba ba. Allah Ya tsare min ke a fitarki da dawowarki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, har da naki bakin. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan da kika sani.

Na san hannun da ya miƙo miki wannan takarda, na kuma san yadda kika karɓa. Kin kau da kai, kin amshe da yatsu biyu, kin mayar da ƙofa. Ni na haife ki, ba sai an ba ni labari ba. Yayanki bai zo Abuja don raɗin kansa ba, ni na aiko shi. Na ce masa ya nemi wuri ya zauna a ƙofar gidan da kike haya har a kira la'asar. In kin kira shi ciki, to. In ba ki kira shi ba, ya kama hanyar tasha ya dawo Keffi, kuma na yi masa alkawari ba zan sake aikensa wurinki ba. Saboda haka ki zauna ki karanta duka, kada ki tsallake layi yadda 'yan ajina suke yi min a da.

Ƙullin tsumman da ke cikin ledar citta ce. Kada ki kuskura ki jefa ta a shayi. Ta shuka ce, kuma na sha kunya kafin na samo ta.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da yayanki ya faɗa bai kyauta ba. Ranar da kawunanku suka taru a kan maganar aikinki na asibiti, ya miƙe a gabansu ya ce ya san abin da ke kai 'yan mata zaman kansu a Abuja. Magana ce mai ƙazanta, kuma ya san ke ba haka kike ba. Ke kuma kika rantse kin yanke shi har abada, kika toshe lambarsa, kika tafi ba ki yi masa sallama ba, kika ce ba za ki taka gidan nan ba muddin yana ciki. Yau wata biyu ke nan. Keffi da Abuja ba wata tafiya ba ce, mutane nawa ne suke zuwa aiki da safe su dawo da yamma, duk da cunkoson Mararraba? Amma ke kin mayar da ita kamar Makka.

Ba faɗa zan yi miki ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan zuciyar a nono kika sha ta, don haka bari in gaya miki inda ta kai ni.

Babanku, Allah Ya jiƙansa, ya kawo cittar nan tun yana tuƙa babbar mota zuwa Kafanchan, lokacin ko ke ba a haifa ba. Ɗan guntu ne bai fi tafin hannu ba, wani manomi ya ba shi. Ya karya shi uku ya binne a gindin mangwaro, kusa da inda ruwan wanka yake bi. Ta fito, ganye kore shar kamar na gamba, in ka murza shi a hannu sai ƙamshi. Da rani ya yi sai ganyen ya yi ɗorawa, ya kwanta, ya bushe ƙarmas. Ni kuwa na ce shi ke nan, ta mutu. Na share wurin tas, na jibge itacen girki a kai. Da ya dawo daga tafiya ya ga aikina, sai ya riƙe ƙugu yana dariya.

"Malama, wa ya ce miki ta mutu?"

Na ce ina da ido, ba sai an gaya min ba.

Ya ce, "To idon naki sama kawai yake gani. Ɗauke itacen nan, barci take yi."

Na ɗauke ina ƙunƙuni. Ruwan farko da ya sauka, kwana goma ba a yi ba sai ga tsiro bakwai a inda aka binne uku. Ya fi wata yana tsokanata da wannan magana, ko miya ta yi gishiri sai ya ce idon Malama ne. Abin da zan ce miki a nan kaɗan ne. Kada ki yi saurin yanke hukunci a kan abin da ya yi shiru. Yayanki bai kira ki ba, to ta ina zai kira? Amma ni da nake gida ina ganin yadda yake tsayawa a ƙofar ɗakinki kamar wanda ya manta abin da ya zo ɗauka.

Citta ba kamar alayyafo ba ce da iska ke watsa irinta ko'ina. Ita a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, a hankali, kowace damina ɗan yatsa ko biyu. Duk gutsuren da ya tsira a ƙasa, muddin yana da ido, zai tashi. Ko ɓawon da na zubar a juji, in da ɗan nama a jikinsa, sai ki ga ya yi toho. Babanku yana da doka ɗaya in za a tona. Sai ya ce, "Ku ɗebi naku, ku bar wa ƙasa nata." Bai taɓa sake sayen iri ba, bai taɓa sake shukawa ba ma. Shekara goma sha uku muna yin kunun zaƙi da zoɓo da yajin jego daga wannan guntun, har maƙwabta suna aikowa.

A lokacin ba katanga tsakaninmu da gidan Maman Bulus, darni ne na kara, shi ma duk ɓula. Kin san ta da ido, amma ba ki san ko wace ce ita a wurina ba, don kina da shekara tara na hana ki shiga gidanta. 'Yar ƙabilar Mada ce daga wajen Akwanga, mijinta malamin makaranta ne kamar ni. Ranar da naƙudarki ta tashi babanku yana hanya, ita ta tsallako darnin nan da zani ɗaya, ita ta fara ɗaukarki kafin ni. Ranar Sallah in miƙa mata tuwo ta saman darni, ranar Kirsimeti ta miƙo min shinkafa da kaza, kuma babanku take kawo wa kazar ya yanka don mu iya ci. Haka muke har Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan na fita takaba, wata safiya ina shara sai na ji ƙarar fartanya a bayan darni. Na leƙa. Maman Bulus ce a durƙushe tana tonon citta, ta cika rabin kwano. Cittar ta daɗe da ratsawa ta ƙarƙashin karan ta fito a ɓangarensu, a cikin ƙasarsu, a gidansu. Ko alƙali aka kai, tata ce. Amma ni abin da na gani shi ne an fara ɗiban kayan mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na ce mata ashe jira take maigidan ya mutu. Na ce mata dama ana gaya min irinsu hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Irinsu, Nafisa. Matar da ta yanke miki cibiya na ce wa irinsu.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Maman Kabiru, ke zan dafa wa. Tun jiya nake jin tarinki."

Ki ji fa. Ni za ta dafa wa. Da mutuniyar kirki ce ni, a nan zan fashe da kuka in ce ta yafe min. Amma kunya ta kama ni, kuma ni in kunya ta kama ni fushi take komawa. Na ce ba na so, ta riƙe abinta. Magana zarar bunu ce, na kuwa zare ta har ƙarshe.

Ranar nan ban ci abinci ba. Na ɗauko fartanya na tone cittar ɓangarenmu kaf. Ban tsaya nan ba, wallahi har rariya na ɗauko na tankaɗe ƙasar gindin darnin don kada gutsure ɗaya ya saura ya sake ratsawa wurinta. Kina tsaye kina kallona, kika ce, "Inna, ba za a bar wa ƙasa nata ba?" Na daka miki tsawa kika ruga ɗaki. Kafin damina na sa aka ja katangar bulo.

Ga shawarata a kan wannan. In mutum ya ɓata miki, ki yi fushinki, ba na hana ki. Ki ƙi cin abincinsa, ki ƙi yi masa dariya, ki gaya masa gaskiyarsa ido da ido. Amma kada ki ɗauko rariya. Ki bar wata 'yar kafa, ko da gaisuwar safe ce da ba ta wuce kalma biyu ba. Toshe lamba da rantsuwa da "har abada" duk rariya ce, ni na san ta in na gan ta.

Na zaɓi masu kyau a cikin cittar na dasa a tsohon baho, na ajiye a ƙofar ɗakina inda ba mai taɓa min. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. In na tuna babanku sai in ƙara mata moɗa ɗaya. Bahon kuwa ba shi da huda. Wata biyu ganyen ya fara yaushi, na sa hannu na tono, sai ta narke min a yatsu tana wari. So ne ya kashe ta, ba ƙiyayya ba. Sauran na riga na shanya na daka, mun sha a kunu.

Kuma abin da na yi wa bahon nan shi na yi wa yayanki. Yana da shekara goma sha shida na fara ce masa maigida. Naman da ya fi girma nasa ne, tabarmar babanku tasa ce, in ya yi magana in ce ku yi shiru babba na magana. Ko ke kika kawo ƙararsa sai in ce ki yi haƙuri, shi ne ubanku yanzu. Yaro ne da ya rasa uba kamar yadda kika rasa, na hana shi kuka na ɗora masa rawani. To yaya ba zai miƙe a gaban kawunai ya yi magana kamar shi ya haife ki ba? Tsoro ne ya cika masa ciki, bai san yadda ake faɗinsa ba sai da baƙar magana. Wannan ba ya wanke shi. Amma in kina rabon laifi, ki ware min kasona. Kuma ranar taron ina zaune a wurin, na ji abin da ya faɗa, na sunkuyar da kai don kada a ce na kunyata ɗan fari a gaban mutane. Na bar ki ke kaɗai. Ki yafe min wannan, ya fi komai ci min rai. In Allah Ya ba ki 'ya'ya, kada ki fifita ɗaya har ya manta shi ma ɗa ne.

Daga baya garin ya cika. Jami'a ta kawo ɗalibai, ma'aikatan Abuja da haya ta kora suka gangaro Keffi, kowa yana neman ɗaki. Na sare mangwaron, na gina ɗakuna biyu a gefe, na shafe tsakar gida da siminti har bakin katanga. Mutane suna cewa Malama ta iya tsafta, ko tsinke ba ka gani. Gaskiya ne, ko tsinke. Tun daga nan citta a kasuwa nake saye, kamar wadda ba ta taɓa mallaka ba.

Shekara goma sha huɗu ban yi wa Maman Bulus magana ba. In mun haɗu a hanyar kasuwa sai in gyara mayafi in duba wani gefen. Tun tana gaishe ni har ta daina. Shekara uku da suka wuce mijinta ya rasu. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, ina jin waƙoƙin cocinsu ta saman katanga, ina jin kukanta, na san muryarta a cikin mata ɗari. Sau biyu ina ɗaukar mayafi ina ajiyewa. Na ce in na shiga yanzu za a ce sai da aka mutu na zo. Washegari na ce ai jiya ya kamata. Bayan mako na ce an makara. Haka ake yi, Nafisa. Ba wanda yake niyyar shekara goma sha huɗu. Kwana ɗaya ne kake ta ɗagawa.

Kin tuna ranar da kike haɗa kaya? Kika tambaye ni, ba ki ko dube ni ba, wai ko akwai sauran irin cittar Baba ki tafi da ita. Na ce babu, na yi kamar ina neman wani abu a kicin. Tambayar nan ta zauna min a ƙirji kamar ƙaya. 'Yata za ta bar gida, abu ɗaya ta roƙa na ubanta, ni kuma da hannuna na tankaɗe shi.

Shekaranjiya na ga mota a ƙofar Maman Bulus ana loda gado da kujeru. Mai kanti ya ce min 'ya'yanta sun sayar da gidan, za ta koma wajen Akwanga, wanda ya saya zai rushe ya yi ɗakunan haya. Na dawo na zauna. Na tashi. Na sake zama. Sai na ce wa kaina, ke Malama, in ba yau ba sai a Lahira. Daga ƙofarmu zuwa tata taku ashirin ne, na ƙirga.

Na yi sallama. Tana zaune a kan buhu tana naɗe labule. Ta tsufa, Nafisa, kanta fari fat, ido ɗaya ya yi yana. Ta daɗe tana kallona.

"Maman Kabiru?"

Na ce ni ce.

"To shigo mana, kin tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta. Kujerun sun tafi, sai dai turmi."

Na zauna a kan turmin. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce mata na zo ta'aziyyar Baban Bulus. Shekara uku, ko kunya. Ta ce ta gode, Allah Ya ba da lada. Sai ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin kasuwa, "Ranar na ajiye miki kujera kusa da ni. Har aka tashi ban bari kowa ya zauna ba."

A nan na yi kukan da ya kamata in yi tun a bakin darni. Na roƙe ta gafara, na maimaita mata kalmar da na faɗa da bakina don kada ta zaci na manta. Ta ce ta ji zafinta ƙwarai, ta yi shekaru tana jin ta, ba za ta yi min ƙarya ba. Ta ce amma ta daɗe da yafewa, abin da ya rage mata kewa ce kawai. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Zo ki ga mutuniyarki."

Ta ja ni bayan ɗakinta. Nafisa, tun daga kusurwa har bakin makwararar ruwa, jikin katangar da na gina da fushina, citta ce. Ruwan makon jiya ya tashe ta, tsiro ne ko'ina kamar an jera allurai. Katangar tawa ce ma take yi mata inuwa. Ta ce ba ta taɓa sake shukawa ba. Duk shekara tana ɗiban nata ta bar wa ƙasa nata, yadda ta ji Baban Kabiru yana faɗa ta saman darni. Jikokinta ma da sunan suka san ta, cittar Baban Kabiru.

Ta kawo fartanya muka durƙusa, tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa, muna tono muna nishi. Muka raba uku. Ɗaya za ta tafi da shi ƙauye, ɗaya nawa, ɗaya ta ƙulle da kanta a tsumman da ke hannunki. Ta ce, "Wannan na 'yata ne da na fara ɗauka. Ki ce mata ta zo in gan ta kafin idon ya ƙarasa rufewa." Jiya da hantsi motar ta tafi da ita. Shekara goma sha huɗu muna da katanga ɗaya, na samu yini ɗaya. Da na sani ƙeya ce.

Da na shigo da nawa kason, yayanki ya tambaye ni daga ina. Na gaya masa duka, har da rariyar. Ya tashi ya fita. Can sai na ji ƙarar bugu a tsakar gida, na fito na tarar ya samo guduma yana fasa simintin gindin katanga, daidai inda mangwaron yake a da. Ya haƙa, ya zuba taki, ya binne. Da ya gama yana wanke hannu, bai dube ni ba ya ce, "Inna, wa zai kai wa Nafisa nata?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ko za ta rufe min ƙofa, zan kai." To kin ji. Da na ce miki ni na aiko shi, rabin gaskiya na faɗa.

Yanzu ga yadda za ki yi da ita. Ki samu bokiti ko buhun shinkafa, ki huda ƙasansa da kyau, kada ki yi irin tawa. Ki haɗa ƙasa mai laushi da tsohon taki. Ki karya ta yadda kowane gutsure yana da ido biyu, ki bar su kwana ɗaya a inuwa bakin ya bushe. Ki binne zurfin ɗan yatsa, idon yana kallon sama, ki rufe da busasshiyar ciyawa. Ba ta son rana mai zafi, ba ta son a dame ta. Ruwa sai kin taɓa ƙasar kin ji ta fara bushewa. Wata takwas ko tara ganyen zai mutu, kada ki tsorata. In kin zo tonowa kin san dokar. Amma ki yi sauri, ta riga ta farka, ba za ta jure zaman leda ba.

Bokitin da ƙasa yana da nauyi, kuma na ji a saman bene kike. Akwai mai ɗaukar miki a ƙofa.

Ban ce ki yi masa dariya ba. Ki sa shi ya maimaita abin da ya faɗa da bakinsa, ya ji ɗacinsa, ya roƙe ki. Ki gaya masa duk abin da ke cikinki, ya cancanta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na yanke, na ga abin da ake samu.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mutuncinki, Ya ba ki maƙwabta irin wadda na samu, Ya ba ki hankalin riƙe su fiye da ni. Allah Ya kai ki inda ban kai ba, Ya dawo min da ku biyun lafiya. Ya jiƙan babanku, Ya sa muna da rabon ganawa.

Ki duba agogo, Nafisa. Tun asuba ya fita, ko karyawa bai yi ba. Ki fara ba shi ruwa.

Mahaifiyarki,
Inna.